Gyaran Gajeren Kwas Ga Malaman Ilmin Halittu



Maganar da muka zo da ita yau ta shafi gajeren kwas, watau bitar nan ta kwana biyu ko uku da akan shirya wa malaman ilmin halittu da malaman gona da masu bincike. Da yawa daga cikinmu za mu koma Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa mu kama aiki, waɗansu a aji, waɗansu a gona. Za a kira mu irin wannan kwas, kuma nan gaba kaɗan mu ne za mu riƙa shirya shi. Saboda haka ya wajaba tun yanzu mu auna abin da mahalarci yake komawa gida da shi.

Kowa ya san yadda akan yi. Jawaban buɗe taro su cinye rabin ranar farko, sauran kuwa lacca bayan lacca, daga ƙarshe a raba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A shekarar 2017 aka buga wani bincike a Amurka kan ɗalibai 294 masu neman digirin digirgir a fannin halittu, daga jami'o'i 53. Aka tarar waɗanda suka halarci gajeren kwas ba su fi waɗanda ba su je ba ƙwarewa a bincike. In haka ta auku inda kayan aiki suka wadata, to ina ga mu?

Amma fa akwai horon da ya yi albarka a ƙasar nan, watau na ajiye wake a buhu mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Abu guda aka koya wa malaman gona, kuma da hannu: a busar da wake, a zuba a leda biyu da buhun waje, a ɗaure kowanne dabam, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Suka nuna wa manoma a ƙauyuka. Bayan watanni aka koma aka kwance buhunan a gaban jama'a, kowa ya ga waken lafiya lau. Gani ya kori ji.

Daga nan muka ɗauko shawarwari uku. Na farko, kowane kwas ya tsaya kan abu ɗaya da za a iya gwada mutum a kansa. Misali, malamin aji ya iya tono gero ko dawa ya nuna wa yara yadda wuta-wuta take manne wa saiwa tana tsotsar ta tun kafin ta fito sarari, ya kuma bayyana dalilin tuge ta kafin ta zuba iri, tun da irin yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Na biyu, a rarraba kwanakin bisa yanayin aiki: rana ɗaya da shuka, ɗaya da damina ta yi nisa, ɗaya da kaka. Abin da aka ɗura wa mutum gaba ɗaya ba ya jimawa a ka. Na uku, masu shirya kwas su koma bayan wata uku su tarar da mahalarci a ajinsa ko a gonar gwajinsa, sai sun ga ya aikata sannan a ba shi takarda.

Wuraren yin wannan ba su yi mana nisa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru inda masana suke. Abin da ya rage shi ne mu da za mu riƙe ofisoshi gobe mu ƙi sa hannu a kan kuɗin kwas ɗin da bai faɗi abin da za a iya bayansa ba. In malami ya dawo hannu wofi, yaran Roni da manoman Gwiwa su ne suka yi hasara.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.