Kurfoti Mai Murfi a Tsakar Gida

Yau zancenmu a kan kurfoti ne, mai murfi da ragar waya.

Da aka janye tallafin kananzir a 2016, gidaje da yawa suka ajiye risho suka koma itace. To uwargida, hayaƙin nan shi ke jawo jan ido da tari, har ga ɗan da ke bayanki. Gawayi kuwa, da ya kama sai garwashi, tukunya ma ba ta baƙi.

In kaza za ki gasa, tara garwashin gefe guda, ki ɗora naman ɗaya gefen, ki rufe. Zai gasu har ciki bai ƙone ba. In kin gama, ki toshe ƙofar iskar wutar ta mutu, gobe ki mori ragowar.

Amma don Allah, komai sanyin hunturu, kar a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. Garwashi na fitar da iska mai guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci. Wurinsa tsakar gida, nesa da masu rarrafe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.