Amsar Wasiƙa Daga Rigachikun: Ɗana Ya Daina Zuwa Sha'ani

Wasiƙarmu ta yau daga Rigachikun ta fito, cikin ƙaramar hukumar Igabi, daga wani dattijo mai sayar da hatsi. Ya ce ɗansa yana karatun digiri na biyu a fannin fiziks a Zariya, kuma tun da ya shiga ba a ganinsa wurin suna ko ɗaurin aure, har dangi sun fara cewa boko ya sa masa girman kai. Yana tambaya: ya matsa masa ya dawo gida ya kama kasuwa, ko ya ƙyale shi?

To Alhaji, mun gode. Kada ka cire shi. Fiziks shi ne ilmin da ke binciken haske da zafi da motsi da wutar lantarki, kuma aikinsa ba ya jiran mutum. Ga misali daga can Zariyar. A Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya da aka sayo daga ƙasar Sin, ta fara aiki a 2004. Akan saka ɗan ƙwalzon ƙasar gona ko taki a ciki, a ciro, a auna irin hasken da yake fitarwa, a gane sinadaran da ke cikinsa. To wani sinadarin, irin su alminiyam, cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu rabin ƙarfin haskensa ya tafi. Mai wannan awo in ya ce bari ya leƙa walima ya dawo, aikin ranar ya lalace ke nan. Kai ma ai ka sani, ranar da aka kwana da ruwan shuka, ko makaɗa na ƙofar gida manomi gona zai nufa, kuma ba mai cewa ya yi girman kai.

Amma fa yaro, in kana jinmu, kai ma da naka. Daga Zariya zuwa Rigachikun tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, ba Makka ba ce. Kuma zaman kaɗaici ba ya ƙara ilmi. Abdus Salam, mutumin Pakistan da ya sami lambar Nobel a fiziks a 1979, rashin abokan tattaunawa na cikin abin da ya kore shi daga ƙasarsa a 1954. Shi ya sa a 1964 ya kafa cibiya a Tiriyeste ta ƙasar Italiya, inda masana daga ƙasashe irin namu kan je su yi 'yan watanni, su koma cikin mutanensu.

Shawararmu, Alhaji, ku zauna ku raba sha'anin gida biyu. Jana'iza da gaisuwar mutuwa da duba mara lafiya na jiki, waɗannan ba uzuri, sai ya nemi izini wurin malaminsa ya zo. Ɗaurin aure kuwa ana sa ranarsa tun da wata guda ko fiye, sai a gaya masa da wuri ya tsara gwajinsa, ba ana gobe a buga masa waya ba. Suna dai da sassafe ake yi. In bai samu ba, ya aiko da kuɗin goro, ya zo barka ran Asabar. Bikin ɗan abokin maƙwabci kuma, wannan kam ku yafe masa, ƙanensa ya wakilce shi.

In dangi sun sake magana, ka gaya musu abin da yake aunawa. Wanda ya taɓa sayen jabun taki cikinsu zai fi kowa saurin fahimta.