Ƙidayar Yahudawa a Rundunar Sojan Jamus, 1916



Maganata a yau a kan wata takardar umurni ce da ta fito daga ofis. A watan Oktoba na 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ministan Yaƙi na Furusiya, babbar jihar daular Jamus, ya umurci kowace runduna ta ƙidaya Yahudawan da ke cikinta, ta bayyana nawa ne ke fagen fama, nawa ne ke bayan fage. Dalilin da aka kawo shi ne wai ƙorafi ya yi yawa cewa Yahudawa na zille wa bakin daga. Aka yi ƙidayar, amma hukuma ba ta fito da sakamakon ba har yaƙi ya ƙare. Wannan shiru kuwa, a ganina, ya fi ƙidayar kanta ɓarna, domin ya bar jama'a da zaton lalle akwai abin kunyar da ake rufewa.

Alhali kuwa Yahudawan Jamus, waɗanda yawansu bai wuce 550,000 ba, sun ba da sojoji wajen 100,000, kuma kimanin 12,000 daga cikinsu ba su komo gida ba.

Da Jamus ta sha kashi a 1918, sai zargin ya sake kama: wai ba a ci sojoji da yaƙi ba, 'yan gida ne suka ci amanarsu. A 1919 Kyaftin Leo Löwenstein ya kafa ƙungiyar tsofaffin sojojin Yahudawa domin mayar da martani. Babban makaminsu hujja ce: suka yi ta rarraba takardu, a 1932 kuma suka buga littafi ɗauke da sunayen matattunsu fiye da 10,000.

To, me wannan ya saya musu? Ma'aikatan da ke nan su lura da kyau. Dokar Afrilu 1933, wadda ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, ta keɓe waɗanda suka yi yaƙi a fagen fama, bisa roƙon Shugaba Hindenburg. A ƙarshen 1935, bayan dokokin Nuremberg, su ma aka sallame su. Aka rushe ƙungiyar a 1938, shi kuwa Löwenstein aka tura shi sansanin Theresienstadt a 1943.