Rushewar Bankin Lehman Brothers: Ina Masu Sa Ido Suke?



Ranar 15 ga Satumba, 2008, bankin Lehman Brothers na ƙasar Amurka ya kai kansa kotu, ya bayyana cewa ya karye, bayan shekara 158 da kafuwarsa. Kadarorinsa a kan takarda sun kai dala miliyan dubu 639. Abin tambaya shi ne, yaya ginin da ya kai wannan girma ya zube alhali akwai waɗanda aka ɗora wa alhakin tsaronsa?

Asalin ciwon dai bashi ne. A 2007, a kan kowace dala guda ta jarin bankin, akwai kimanin dala 30 na kadarorin da aka saya, galibi da kuɗin aro, da yawa kuwa a harkar gidaje. Watau in darajar kadarorin ta faɗi da kashi 4 cikin ɗari kawai, jarin ya ƙare ƙurmus.

To, maimakon a rage bashin, sai aka ɓoye shi. Dabarar da ake kira Repo 105 ita ce: gab da ƙarshen kowane wata uku, bankin ya miƙa takardun jari ya karɓi kuɗi, ya rubuta cewa sayarwa ya yi, ya rage bashi da kuɗin, ya buga lissafinsa tsaf, bayan 'yan kwanaki kuma ya sake cin bashi ya fanso takardun. Jingina ce aka sa mata rigar ciniki. Rahoton Anton Valukas na 2010, wanda kotu ta naɗa ya yi bincike, ya nuna an kawar da wajen dala miliyan dubu 50 ta wannan hanya a tsakiyar 2008. Masu binciken lissafi, kamfanin Ernst & Young, sun san da dabarar, ba su tayar da jijiyar wuya ba.

Majalisar darektoci fa? Richard Fuld shi ne shugaban gudanarwa, shi ne kuma shugaban majalisar da ya kamata ta tuhume shi. Lalle wannan ba tsari ba ne. An ba kura ajiyar nama. Kwamitin majalisar mai lura da haɗarin kuɗi sau biyu kacal ya zauna a 2007, shekarar da kasuwar gidaje ta soma tangaɗi.

Ita kuwa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, tun 2004 take duba irin waɗannan bankuna bisa wani shiri na ganin dama. Ta san Lehman ya ƙetare iyakokin haɗarin da ya gindaya wa kansa, amma ba ta tilasta masa komawa ba. An soke shirin a watan da bankin ya faɗi.

A 2010 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar Dodd-Frank, wadda ta wajabta wa manyan bankuna su rubuta tun da wuri yadda za a warware harkokinsu in sun karye. Cikin shugabannin Lehman dai, babu wanda aka gurfanar bisa tuhumar aikata laifi.