Sadaka a Hannu, Ƙofa a Rufe: Halin da Masu Lalura Ke Ciki a Ƙasar Kafur

  

An nemi in yi magana kan wariyar da ake nuna wa masu nakasa. Na san wani zai ce, a ƙasar Hausa wa ke ƙin nakasasshe? Ranar Juma'a ba ma wuce makaho ba mu sa hannu a aljihu ba. Da kaka, in an fitar da zakkar dawa da masara, da su ake farawa. Masarautunmu sun daɗe suna naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Duk haka ne. Sai dai wurin da muka ware musu ƙofar masallaci ce. Aji, ofis, kasuwa da zauren neman aure kuwa, mun ja ƙyaure.

Ku dubi ranar rabon taki. Magidanci ya tuƙo kekensa da hannu tun daga ƙauye, yana da gona, yana da 'ya'yan da ke noma ta. Ya iso ƙofar ofis, matakala ta tare shi. Sai ya zauna a rana, ya aiki yaro ya kira masa ma'aikaci. Kafin yaron ya dawo, wani mai wucewa ya jefa masa naira hamsin a cinya, ya yi gaba yana jin ya sami lada. Mutumin nan haƙƙinsa ya zo karɓa, aka mai da shi almajiri. Da yawa cikin irinsa shan'inna ce ta taɓa su suna ƙanana. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, muka yi murna, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu.

Wannan ma lalurarsa a fili take. Akwai wadda ido ba ya gani, kuma masu ita sun fi shan wuya. Akwai yaron da ba ya haɗa ido da kowa, in injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunne yana kuka, yana maimaita magana ɗaya. Likitoci na kiran wannan otizim, a rediyo kuma kukan ji ana cewa galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne suka yi musaya, ko a ɗora wa uwar laifi, a kulle shi a ɗaki in baƙi sun zo. Akwai wanda zai kawo maka sura da ka ba gargada, amma in an buɗe masa littafi haruffa su riƙa cakuɗe masa. Sunansa daƙiƙi, maganinsa bulala, har ya tsani makaranta. Akwai yarinyar da farfaɗiya ke kayarwa kusa da murhu, matan gida su watse don tsoron yawunta, ta ƙone a banza. Jama'a, farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa, kuma kusan mutum 7 cikin 10 masu ita na daina faɗuwa in sun sami magani sun kuma riƙe shi.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, wasu don shaye-shaye, wasu don taɓin hankali, wasu don ƙiriniyar da aka kasa gane kanta. Ba mugunta ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne. Shi ya sa laifin ya hau kanmu gaba ɗaya.

Doka kam akwai. A watan Janairun 2019 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu nakasa. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani. Ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya duba ƙofar ofishinsa. A 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958.

Tun kafin doka, addini ya riga ya yanke hukunci. Saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, Suratu Abasa ta sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladanci, ya kuma sha barin masa riƙon Madina in zai fita. Muƙami aka ba shi, aka amince masa da gari.

Roƙona guda biyar ne. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, a umarci masu unguwanni su rubuta yaran da ke ɓoye a gidaje, mu san yawansu. Malaman makaranta, yaron da ya kasa karatu a bincike shi kafin a ɗauko bulala. Kurame kuma ga makarantarsu nan a Malumfashi, tafiyar ba ta da nisa. Ƙaramar hukuma, buhunan siminti kaɗan sun isa a yi gangara a ƙofar asibiti da sakatariya. Limamai, a hau mumbari a faɗa wa mutane cewa farfaɗiya ciwo ce da ake kaiwa asibiti. Kuma duk zaman da za a yi kan waɗannan abubuwa, a kira masu lalurar da kansu, su yi magana da bakinsu ko da hannunsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.