Daga Gulbin Maraɗi Zuwa Kwazazzaban Ƙarƙashin Teku

Batun wannan lacca shi ne kwazazzaban da ke ƙarƙashin teku, wato dogayen ramuka masu zurfi da suka tsattsaga gefen nahiyoyi a inda ƙasa ke gangarawa cikin ruwa, da kuma magudanan da ke ɗorawa daga bakinsu har zuwa shimfiɗar ƙasan teku. Mai sauraro a Tsibiri ko Maraɗi ko Jiratawa yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da teku mafi kusa da shi ta yi masa nisan fiye da kilomita 800, amma amsar tana kwance a gulbin da yake ratsawa kullum. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima, Rima kuwa ya haɗe da Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba cikin Kogin Kwara, wanda ke ɗaukar Binuwai a Lokoja kafin ya rarrabu a Neja Delta. Jan ruwan da ke cika gulbin a watan Agusta farkon wata doguwar tafiya ce ta laka da rairayi, kuma ƙarshen tafiyar ba bakin teku ba ne, can ƙasa ne a zurfin mita 4,000 ko fiye.

Gefen nahiya hawa-hawa yake. Daga gaɓa akwai wata farfajiya mai ruwa marar zurfi, wadda ke gangarawa a hankali har zuwa zurfin mita 130 zuwa 200, daga nan sai ƙasa ta karye ta zama gangare mai tsayi, a gindin gangaren kuma sai tudun lakar da ta taru, sai shimfiɗar ƙasan teku. A jikin wannan gangare ne kwazazzaban suke, kuma wata ƙidaya da aka wallafa a 2014 ta nuna sun haura 9,000 a duniya. Wasunsu, kamar na Mantare da ke gaɓar Kalifoniya a Amurka, zurfinsu ya kai a gwada su da manyan kwazazzaban da ke bisa tudu.

An daɗe ana jayayya kan abin da ya haƙa su, domin hankali ba ya saurin karɓar cewa ruwa zai iya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Bayani na farko shi ne koguna ne suka yanka su a lokacin da teku ta janye, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kimanin shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da ƙanƙara ta daskarar da ruwa mai yawa a arewacin duniya, teku ta yi ƙasa da wajen mita 120, farfajiyar nan ta zama busasshiyar ƙasa, koguna suka ratsa ta har bakin gangare. Sai dai mita 120 ba su isa su bayyana ramin da ya gangara har mita 3,000 ba. A 1936 masanin duwatsu Reginald Daly ya kawo bayani na biyu, cewa ruwan da ya cakuɗe da laka ya fi tsabtataccen ruwa nauyi, don haka yana nutsewa ya malala a bisa ƙasan teku kamar kogi a cikin ruwa. Wannan abu ne da kowace mai wanki ta taɓa gani: idan aka cika daro da ruwa garai, aka bar shi ya kwanta, aka tsiyaya kofin ruwan laka a gefensa sannu a hankali, lakar ba ta bazuwa ko'ina nan take, sai ta bi jikin daron ta gangara, tana da kai mai kumburi a gaba da wutsiya a baya, ta shimfiɗu a gindi. Irin wannan gwaji ne Philip Kuenen na ƙasar Holan ya yi a dogayen kwamaye, ya nuna cewa malalar laka tana da ƙarfin kwasar rairayi.

Shaidar da ta kashe bakin masu musu ta fito ne daga wayoyin tangaraho. Ranar 18 ga Nuwamba 1929 girgizar ƙasa ta auku a teku kudu da Niyufanlan ta Kanada, wayoyi 12 da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka tsinke, amma ba a lokaci ɗaya ba: na kusa suka yanke nan take, na nesa suka riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe bayan sa'a 13. A 1952 masana biyu, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka jera lokutan da nisan, suka nuna cewa wata malalar laka ce ta bi gangaren tana gudu kamar mota, tana datse duk wayar da ta tarar.

Kwazazzabo yana girma ta hanya biyu, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san su. Ta farko daga sama zuwa ƙasa, inda kogi ko igiyar ruwa ke zubo rairayi a bakin gangare, malala ta riƙa bin hanya ɗaya tana ƙara mata zurfi. Ta biyu daga ƙasa zuwa sama, kuma ita ce ta fi kama da abin da manomi ke gani a gefen gonarsa da damina: ruwa ya cinye gindin ramin, bakin ya rasa abin dogaro ya rufta, kan kwazazzabon ya matsa baya taku ɗaya ko biyu, baɗi ya sake, har wata rana ya cinye hanyar amalanke. A ƙarƙashin teku ma haka ne, lakar da ta taru a gangare takan zabtare saboda nauyinta ko girgizar ƙasa ko iskar gas da ke cikinta, gurbin zabtarewar ya riƙa cin baya har ya kai farfajiya. Ranar da kansa ya riski bakin kogi ko rairayin da igiya ke turawa a gefen gaɓa, ya sami abinci na dindindin, sai girmansa ya ninka. A 1972 Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya yi bayanin cewa rairayin da igiya ke kwasa a gaɓar Neja Delta shi ke ciyar da kwazazzaban da ke gefenta biyu, Abon da Mahin a yamma, da na Kalaba a gabas.

Inda gangare ya ƙare, aikin malala yakan sauya daga haƙa zuwa gini. Rairayi mai nauyi yana bin tsakiyar magudana, laka mai laushi kuwa tana tumbatsa ta zube a gefe biyu, ta gina ganuwa da kan kai tsayin gomman mitoci, magudanar ta riƙa lanƙwasa tana murɗewa kamar yadda gulbi ke yi a fadama. Wata rana malala babba ta fasa ganuwar, ta buɗe sabuwar hanya, tsohuwar ta mutu laka ta binne ta. Mutanen Maraɗi ba baƙin wannan hali ba ne, domin ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari har aka mayar da shi bisa tudu. A ƙarshen magudana rairayin yakan baje kamar mahuci, mahuci bisa mahuci, har su zama tudu guda. Mafi girma shi ne na Tekun Bengal, mai tsawon kimanin kilomita 3,000.

Tun da teku ta sake cikowa, yawancin kwazazzaban sun rabu da kogunansu, sun yi likimo. Na Kogin Kwango yana cikin ƴan kaɗan da ba su rabu ba, domin kansa ya kutsa cikin bakin kogin da kimanin kilomita 30. A tsakiyar Janairun 2020, bayan ambaliyar da aka yi shekara 50 ba a ga irinta ba a kogin, wata malala ta taso daga can ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100, gudunta yana ƙaruwa daga mita 5 zuwa 8 a daƙiƙa saboda tana cin lakar hanya tana ƙara nauyi, ta tsinka wayoyin intanet biyu, SAT-3 da WACS, sadarwa ta yi rauni daga Najeriya har Afirka ta Kudu.

Tsofaffin magudanan da aka binne kuwa sun zama dukiya, domin rairayin da ke cikinsu yana da ƙofofin da mai ke taruwa, lakar da ta rufe su kuma ta zama murfi. Rijiyoyin Bonga, da ke kimanin kilomita 120 daga gaɓar Najeriya a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000, waɗanda suka fara ba da mai a 2005, daga irin wannan rairayi suke zuƙowa. Shi ya sa kamfanonin mai suka fi kowa zuba kuɗi wajen zana taswirar waɗannan magudanai, abin takaici kuma shi ne yawancin abin da aka gano yana kulle a ma'ajiyarsu.

Gaskiya ce cewa kaɗan ne daga lakar Gulbin Maraɗi ke isa teku a yau, domin madatsar Jibiya tana tare ta daga sama, ta Goronyo da ta Kainji da ta Jaba suna tare ta daga ƙasa. Amma alaƙar ta dawo ta wata ƙofa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu suka yanke a teku daura da Abijan, inda akwai wani kwazazzabo da ake kira da Faransanci ramin da ba shi da gindi, masana da dama suka danganta abin da zabtarewar ƙasan teku, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da sadarwarsu ta tabarbare. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya kasa tura kuɗi a ranar bai taɓa ganin teku ba, amma ta taɓa cinikinsa. Don haka ɗaliban ilimin ƙasa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kada su tsallake wannan babi da sunan ba nasu ba ne. Su fara da kwazazzaban da ke gangarawa gulbi tsakanin Jiratawa da Tsibiri, su kafa turke a kan kowanne kafin ruwan farko, su koma su auna bayan kaka.