JAWABI KAN TIYATAR HUHU: AIKIN LIKITA DA AIKIN MAI JINYA

 

Mu ba likitoci ba ne, amma mu ne masu kwana a gefen gado idan an kwantar da namu a Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Don haka ya kamata mu san abin da ke samun huhu idan aka yi masa aiki, ko don ɓarnar tarin fuka, ko ƙari, ko mugunyar da ta taru a ƙirji.

Jama'a, yawancinmu mun ɗauka cewa yawan iskar oksijin shi ne yawan lafiya. To, ba haka abin yake ba. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Kusan kashi 78 naitirojin ne. A cikin huhu akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, kuma naitirojin ɗin nan shi ke tokare su, kamar yadda dirka ke riƙe rumfar kasuwa. Idan aka ba mutum zallar oksijin, sai ta kori naitirojin, jini kuma ya zuƙe ta, jakar ta lotse ta manne kamar jiƙaƙƙiyar leda. Binciken likitocin Uppsala a ƙasar Suwidin ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda aka sa barcin tiyata, wani sashe na huhunsu yakan lotse.

A tiyatar huhu abin ya fi tsanani, domin da gangan ake sace iskar huhun da za a yanka, a bar ɗayan yana numfashi shi kaɗai. Likitan sa barci yana tsaka mai wuya: ya rage oksijin, jini ya rasa, ya cika ta, huhu ya manne. Shi ya sa ba ya ɗauke ido daga na'urar nan da ake maƙala wa yatsa. Kai, hatta Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2016 ta ba da shawarar kashi 80 don hana miki ruɓewa, a 2018 kuma ta sassauta maganar. To ina ga mu? Kada wani mai jinya ya murɗa tukunyar iska da hannunsa wai yana taimako.

Namu aikin bayan an fito ne. Tausayi yakan sa mu ce, "Kwanta, kar ka motsa, kar ka yi tari, ɗinki zai ɓalle." Wallahi wannan tausayin cuta ne. Huhun da ya manne, idan kaki ya taru a ciki, yana iya zama ciwon namoniya. Da zarar likita ya ba da izini, a tayar da shi zaune, a kama shi ya taka. Ya riƙa jan dogon numfashi, ya rungume matashi a kan ɗinkin ya yi tari. In zafi ne ya hana, a gaya wa nas, ban da dauriyar banza.

Masu shan taba da shisha kuwa, a ajiye su aƙalla mako huɗu kafin ranar aiki. Bayan an sallamo shi, in aka ga zazzaɓi ko haki, a koma asibiti nan take, ba kyamis ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.